Juye faifan fim zuwa kwamfuta: MakeMKV, HandBrake, VLC ko Format Factory, wanne zaka ɗauka?

Da wuya ka shiga gida a Arewa baka samu wata leda ko kwali ko durowa da aka jibge fayafayai ba, wasu finafinan Hausa ne na lokacin da kasuwarsu ke ci a Ƙofar Wambai, wasu na Indiya, wasu tafsirin azumi, sannan ga waɗanda suka fi duk sauran daraja, na biki da suna da saukar karatu da walimar dawowa daga Hajji, waɗanda in suka lalace ba inda zaka je ka sayo wani ko da nawa ne a aljihunka. Na'urar kallon ta daɗe da mutuwa, sabbin laftof kuma yanzu basa zuwa da wurin saka faifai sam, su kuma fayafayan suna nan zafi da ƙura na cinsu a hankali. Shi yasa nake ganin duk mai irin wannan ajiya ya kamata ya juye ta tun da sauran dama. Inda ake samun ruɗani shine in ka tambayi mutum uku wace manhaja ce tafi, kowa tasa zai faɗa maka, kuma gaskiya kowa da hujjarsa, don ba aiki iri ɗaya manhajojin nan suke yi ba.

Tun kafin ka ƙona datarka wajen sauke wani abu, saka faifan ka buɗe shi kamar yadda kake buɗe filas kaga me ke ciki. In laftof ɗinka bashi da wurin faifai sai ka nemi ɗan akwatin DVD na waje mai wayar USB, ana samunsa a kasuwar kayan kwamfuta, kuma in yazo da kai biyu na USB ka soka duka biyun don ɗayan wuta yake ƙara masa, in ba haka ba sai kaji yana juyawa yana tsayawa kace faifan ne ya lalace alhali wuta ce bata isheshi ba. To in ka buɗe kaga folda mai suna MPEGAV da fayil AVSEQ01.DAT a cikinta, VCD ne a hannunka. In kaga VIDEO_TS cike da fayiloli masu ƙarewa da VOB da IFO da BUP, wannan DVD ne. In kuwa AVI ko MP4 ka tarar a zube, kamar yadda ake samu a wasu fayafayan nan da ake cusa finafinai da yawa a guda ɗaya, kai ka huta, kwafewa kawai zakayi. Wannan dubawar ta minti ɗaya ita ke raba rabin gardamar.

Mu fara da VCD tunda shine ya fi yawa a tsofaffin kwalayenmu. Tsari ne da ya fito tun 1993, hotonsa ɗigo 352 ne a faɗi 288 a tsaye a tsarin talabijin na PAL da muke kai, kuma kowane minti ɗaya yana cin wajen mega 10, shi yasa faifai ɗaya baya wuce minti 74 zuwa 80, dogon fim ɗin Indiya sai yazo maka a faifai biyu ko uku. A nan shawarata gajera ce, ka kwafi fayil ɗin DAT ɗin nan zuwa kwamfutarka ka canja masa suna yadda zaka ganeshi, VLC na buɗe shi a haka, in kuma ka maida ƙarshen sunan ya zama mpg yawancin manhajojin kallo zasu karɓa. MakeMKV bata karanta VCD, kar ka wahalar da kanka. Kuma dan Allah kar wani ya ruɗeka cewa zai maida maka VCD ya koma HD. Abinda babu shi a faifan ba manhajar da zata ƙirƙiro shi, fayil ɗin ne kawai zai kumbura ya cinye maka wuri, fuskokin mutane kuma su ƙara yin dishi-dishi. Wani abu da ba kowa ya sani ba, an rage wa VCD wani kaso na kariyar gyaran kuskure da sidin data ke da ita don bidiyon ya samu ƙarin wuri, shi yasa fayil ɗin da ka kwafo kan kai kusan mega 800 daga faifan da aka rubuta 700 a jikinsa, kuma shi yasa ɗan karce kaɗan ke sa Windows ta tsaya a tsakiyar kwafi ta rubuto maka cyclic redundancy check. Zan dawo kan karcen nan gaba.

DVD shine inda zaɓin yake da gaske. Hotonsa 720 a 576 ne a PAL, na Amurka 720 a 480, bidiyon a tsarin MPEG-2, faifai mai shimfiɗa ɗaya giga 4.7, mai biyu giga 8.5, kuma ana yanka fim ɗin gida-gida kowane VOB baya wuce giga ɗaya. A nan mutane da yawa ke yin kuskure, su ɗauki VOB ɗaya su tura a waya suce sun gama, sai ana tsakiyar kallo fim ya yanke, ashe sauran na cikin na biyu da na uku.

Hanya mafi sauƙi, wadda ma bata buƙatar manhaja, itace ka kwashe foldar VIDEO_TS gaba ɗayanta ka ajiye. Mafi yawan fayafayan da aka buga ko aka ƙona a nan gida basu da wani kulle, suna kwafuwa lafiya lau. Daɗinta shine komai na nan yadda yake, har shafin farko mai hoton ango da amarya da mai ɗaukar bidiyo ya tsara da kiɗa a ƙarƙashi, wanda duk sauran hanyoyin zubar da shi suke. In ka jawo foldar ka jefa cikin VLC zata buɗe kamar ka saka faifan ne. In kana son ya zama fayil ɗaya dunƙule sai kayi masa ISO da irin su ImgBurn, tsohuwar manhaja ce da tun 2013 ba'a sabunta ta ba amma tana aiki har yanzu. Rashin daɗin hanyar shine waya da talabijin basu san me zasu yi da wannan foldar ba, ajiya ce kawai ba ta kallon yau da kullum ba.

Sai MakeMKV. Abinda take yi ɗaya ne kuma ta iya shi, zata ɗebo bidiyon da sautin da rubutun fassarar ƙasa daga faifan ta haɗe VOB ɗin nan duka ta zuba su a fayil ɗaya na MKV ba tare da ta taɓa ingancinsu ba ko kaɗan. Tunda ba matsewa take ba bata wahalar da kwamfuta, ko tsohon laftof ɗin nan na Belgium da fankarsa ke ihu zai iya, saurin aikin ya danganta ne da na'urar karanta faifan, galibi minti goma sha biyar zuwa rabin awa an gama. Maɓallanta ma basu da yawa, ka saka faifai ka danna hoton na'urar, ta jero maka abinda ke ciki da tsawon kowanne, ka zaɓi wanda kake so ka danna Make MKV shikenan. Ka lura dai da abu ɗaya, a yadda tazo tana tsallake duk wani yanki da bai kai daƙiƙa 120 ba, to in faifan biki ne mai guntayen bidiyo kamar na ɗaurin aure daban na kamu daban, shiga saitinta ka rage wannan lambar don kar ta bar maka wani a baya. Juye DVD kyauta ne a cikinta, na Blu-ray ne ke buƙatar lambar gwaji da masu ita ke sakewa lokaci-lokaci ko kuma ka biya.

Farashin da zaka biya wa MakeMKV wuri ne. Fim ɗin da ya ci giga 4 a faifai giga 4 zai ci a kwamfutarka, mai shimfiɗa biyu ma ya kai 6 ko 7, kuma a nan wata matsalar ke ɓullowa, yawancin filas da memori suna zuwa ne a tsarin FAT32 wanda baya karɓar fayil ɗaya da ya haura giga 4, sai kaga filas ɗin giga 32 ne fanko amma tace maka fayil yayi girma. Sai dai ka maida ita exFAT ko NTFS, su kuma tsofaffin talabijin ba duka ke karanta waɗannan ba. Ga WhatsApp iyakarsa giga 2 ne in ka tura a matsayin takarda, to kaga fayil ɗin MakeMKV ba na turawa ƴan'uwa bane. Amma in ka lissafa, had disk mai tera ɗaya zai ɗauki DVD mai shimfiɗa ɗaya wajen 200, VCD kuwa sama da dubu, to wurin ba wani abin tsoro bane ga wanda faifansa talatin ne ko hamsin.

HandBrake kuma akasin haka take, ita aikinta matsewa. Kyauta ce gaba ɗaya, ba talla ba komai, tun 2003 ake haɓaka ta, kuma adireshinta na gaskiya handbrake.fr ne, ka kula da wannan don akwai shafukan bogi masu kama da shi. Zata ɗauki fim ɗin giga 4 ta maida shi MP4 na wajen giga ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma in ka saita ta daidai ido bazai ga wani bambanci a waya ko talabijin ba. Amma ka sani abinda ta zubar ya tafi kenan. Kamar tumatir ne da aka yanka aka shanya, kauɗar tafi sauƙin ɗauka da ajiya kuma miya zatayi daɗi, sai dai ba ranar da zata koma ɗanye. Wannan ne dalilin da yasa bana son mutum ya matse bidiyon auren iyayensa da HandBrake sannan ya yar da faifan yace ya gama.

Bari in ɗan tsaya a kan saitinta don a nan ake cin riba ko asara. A jerin shirye-shiryenta zaɓi Fast 576p25 in faifan namu ne na PAL, kar ka ɗauki Fast 480p30 don wannan na fayafayan Amurka ne, zai rage maka layukan hoto daga 576 zuwa 480 a banza. Wurin Framerate ka sa shi Same as source. Akwai wata lamba da ake kira RF, ita ke riƙe da inganci, kuma a juye take, ƙaramar lamba hoto mai kyau fayil babba, babbar lamba fayil ƙarami hoto ya fara farfashewa. Masu manhajar da kansu 18 zuwa 22 suka bada shawara ga hoton DVD, ni 20 nake sawa ga fim, 18 ga bidiyon biki saboda irin waɗannan an ɗauke su ne da dare ko a ɗaki mai ƙarancin haske, hoton cike da ƙwayoyi-ƙwayoyi, in ka matse da yawa sai adon leshi da zanen lalle su narke su zama faci. Sannan a tsarin matse bidiyon, H.264 zaka zaɓa. Na san H.265 yafi ƙanƙanta fayil a inganci ɗaya, amma yafi cin lokaci wajen matsewa kuma tsofaffin wayoyi da talabijin da yawa basa buɗe shi, ka tura wa Hajiya a ƙauye taji murya ba hoto, me aka yi kenan.

Abinda yasa HandBrake ta yiwa sauran nisa a wajena shine maganin layi-layin nan. Kyamarorin da aka ɗauki bukukuwanmu dasu a shekarun 2000 suna raba kowane hoto gida biyu ne su saƙa su, tsohuwar talabijin mai ƙeya ta san yadda zata nuna shi sumul, amma fuskar waya da laftof bata sani ba. Ka tsayar da bidiyon daidai lokacin da wata ke ɗaga hannu tana liƙi a filin rawa, zakaga hannun nata da takardar kuɗin sun rabu sun zama haƙora-haƙora kamar matsefi, gefen mayafinta ma haka. A shafin Filters na HandBrake akwai Decomb da Yadif da Bwdif masu gyara wannan, Decomb ma a kunne yake zuwa a shirye-shiryen da na ambata. In kana son motsin ya fito da santsi irin yadda yake a talabijin, zaɓi Bob a ƙarƙashin Yadif ko Bwdif ka maida Framerate 50, fayil zai ɗan ƙaru amma wallahi ga bidiyon rawa ko hawan sallah bambancin a fili yake.

Ga fim ɗin Indiya na asali mai fassarar Turanci a ƙasa, ka tuna rubutun daban yake da hoton, in baka shiga Subtitles ka zaɓe shi ka danna Burn In ba zaka iya gama aikin awa guda ka tarar babu fassara. Namu na Hausa da na Indiya-Hausa basu da wannan damuwar, komai a manne yake.

Inda HandBrake ke da nauyi shine lokaci da wuta. Tana sa kwamfuta aiki iya ƙarfinta, tsohon laftof zai iya shafe awa ɗaya zuwa biyu ko fiye a fim ɗaya yana zafi, batir na zuba. Kuma ga abin da ya shafe mu kai tsaye, in NEPA suka ɗauke wuta kwamfutar ta mutu ana tsakiyar haɗa MP4, fayil ɗin gaba ɗaya baya buɗuwa saboda sai a ƙarshe ake rubuta masa jadawalinsa, MKV kuwa galibi zaka iya kallon iya inda aka tsaya. Ko wanne ne dai sai ka sake daga farko, to ka fara aikin da cikakken caji. In kwamfutarka Intel ce ta kusa-kusa duba ko akwai H.264 mai QSV a jerin, ko NVENC in kana da katin Nvidia, suna ninka saurin sosai, sai dai fayil ɗin kan ɗan fi girma a inganci ɗaya. Wata dabarar kuma, kar ka bar HandBrake tana jan fim kai tsaye daga faifai na tsawon awanni, fara sauke shi da MakeMKV ko kwafin folda, sannan ka jera su duka a Queue ta bi su ɗaya bayan ɗaya ranar da wuta ta zauna. Sabbin fitowarta suna son Windows 10 zuwa sama mai 64-bit, kuma sai ka saka mata .NET Desktop Runtime kafin ta buɗe, mai Windows 7 sai ya nemi tsohuwar fitowa a shafinsu.

VLC kowa na da ita, kuma eh tana juye faifai, ka shiga Media ka danna Convert / Save ka je shafin Disc ka zaɓi DVD ko SVCD/VCD, ka sa alama a No disc menus don kar ta maƙale tana maimaita shafin farko. Amma gaskiya ni bana ɗora mata wannan aikin sai dole. An gina ta ne don kallo, juyewar ƙari ce, wani lokacin ta fito lafiya wani lokacin murya ta riga baki ko ta biyo baya, ko ta tsaya a rabi bata ce maka komai ba, kuma bata nuna maka a sarari wanne ne ainihin fim ɗin a cikin yankunan faifan, sai kayi ta gwada lamba. Inda take da rana biyu ne, ranar da baka da datar sauke wata manhaja kuma faifai ɗaya ne tal, da kuma cire murya zalla. Wannan na biyun ba ƙaramin abu bane ga masu fayafayan tafsiri da wa'azi, malam na zaune ne a kujera awa ɗaya, hoton ba shine abin nema ba, in ka fitar da shi MP3 a 64 kbps karatun awa guda bai kai mega 30 ba, wata guda na tafsiri zai shiga cikin giga ɗaya har da canji. HandBrake bata fitar da sauti shi kaɗai, MakeMKV ma haka.

Format Factory kuwa ita ce ta hannun masu turi a shaguna, kuma na gane dalili, komai tana karɓa, DAT ne VOB ne, ta haɗe maka guntaye ta yanke inda baka so ta fitar da MP4 ko 3GP ko MP3, duk a wuri ɗaya. Tana da abu guda da ya sa har yau ba'a iya yar da ita, wato AVI. Na'urorin DVD ɗin nan masu wurin soka filas da ƙananan talabijin masu caji, da yawansu basu san MP4 na H.264 ba, AVI mai Xvid ko DivX suke ci, ita kuma HandBrake tun 2009 ta daina fitar da AVI. To in fim ɗin don tsohuwar na'urar falo kake shirya shi, Format Factory ce abokiyar tafiyarka. Amma saitin da take zuwa dashi yafi karkata ga ƙanƙanta fayil, in baka shiga ka ɗaga ba hoton zai sha wuya, kuma a hannun masu gaggawa ne zakaga an ja hoton 4:3 an baje shi ya cika faɗin allo, kowa ya zama gajere mai faɗi. Wajen saka ta ma ka dinga karanta kowane shafi kafin ka danna Next don tana zuwa da tayin wasu manhajojin da baka nema ba. Ban yarda a bata asalin bidiyon tarihi ta zama ita kaɗai ce kwafin da ya rage ba.

Akwai na kuɗi irin su WinX DVD Ripper da DVDFab, suna da sauƙin sarrafawa kuma sunfi ƙwarewa kan fayafayan kamfanonin waje masu kulle kala-kala, amma da dala ake biya, kuma ga irin fayafayan da ke gidajenmu banga abinda zasu yi maka da na kyautar nan basu yi ba. Waɗanda aka fasa ake rabawa kuma kofar bairos ce, kar ka saka su a kwamfutar da ka tara tarihin gidanku.

Maganar kulle, ta fi shafar faifan asali da aka sayo a waje. Irin waɗannan suna da kulle mai suna CSS, in ka kwafi foldar kai tsaye ko dai taƙi ko hoton ya fito a farfashe, HandBrake ma ita kaɗai bata buɗe shi sai an haɗa ta da wani ƙarin fayil mai suna libdvdcss, MakeMKV da VLC kuwa suna iyawa. Ga kuma rabon yanki, wato a kulle faifai ta yadda sai na'urar yankinsa ce zata karanta shi, Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan duk yanki na 5 muke tare da Indiya, Saudiyya da Ingila na 2, Amurka na 1. In Windows ta nemi ka canja yankin na'urarka ka yi hattara, sau biyar kawai ake canjawa daga nan ta kafe a na ƙarshe, gara ka gwada MakeMKV tukuna don galibi bata damuwa da yanki. Blu-ray bazan ja ba tunda bai taɓa yaɗuwa a wajenmu ba, faifansa giga 25 ne ko 50, na'urar DVD bata karanta shi sai tasa, kuma hanyarsa dai MakeMKV ce sannan HandBrake.

Faifan da ya karce fa? Fara wanke shi da ruwa da ɗan sabulun ruwa, ka goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, don karcen da ya bi da'irar faifan yafi wanda ya ratsa ta illa. Ɗaga shi ka kalli haske ta cikinsa, in VCD ne kaga ƴan huji-huji kamar an tsira allura, ko fentin saman ya ɓare, wannan wurin ya tafi, don a sidi bayanan a ƙarƙashin fentin suke kai tsaye, shi DVD nasa a tsakiyar roba biyu suke shi yasa yafi juriya ta sama. Daga nan ka gwada wata na'urar, abinda ɗaya ta kasa wata kan karanta. In duk yaƙi, IsoBuster a Windows ko ddrescue a Linux suna kwashe abinda ke karantuwa su tsallake wurin da ya mutu, ka rasa daƙiƙa goma yafi ka rasa duka. Sannan in ka saka faifan biki, musamman ƴan ƙananan nan na cikin kyamara masu giga 1.4, kwamfuta ta nuna maka kamar fanko ne, ka rufa wa kanka asiri kar ka danna Format, sau da yawa mai ɗaukar ne bai rufe faifan ba bayan ya gama, bidiyon na nan a ciki kuma IsoBuster kan iya zaƙulo shi.

To in a taƙaice kake so in zaɓa maka, ya danganta da abinda ke hannunka. Bidiyon gida da ba'a da wani kwafinsa a duniya, kwashe VIDEO_TS ko ka bi ta MakeMKV ka adana wannan kar ka taɓa shi, sannan ka fitar da na biyu da HandBrake don waya da turawa dangi. Fim ɗin da ka saya kana son kallo a waya kawai, HandBrake ta isheka in bashi da kulle. VCD, kwafi DAT, in waya zaka saka sai ka maida shi MP4 a girmansa na asali. Wa'azi, MP3 ta VLC ko Format Factory. Na'urar falo mai filas, AVI ta Format Factory. Amma finafinan mutane ka tsaya a kallonka da iyalinka, kar ka ɗora a YouTube ko ka shiga turawa kana karɓar kuɗi, Najeriya na da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ko ba doka ai haƙƙi ne, duk mun ga yadda satar fasaha da turi suka taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifan Kannywood, mutane nawa suka rasa abin yi.

In ka gama juyewa ka buɗe fayil ɗin ka duba farko da tsakiya da ƙarshe, ka tabbata baki da murya suna tafiya tare, ka rubuta masa suna da shekara da garin da akayi taron. Ka ajiye a wuri biyu, had disk ɗaya a wajenka ɗaya a gidan wani ɗan'uwa, kar ka dogara da filas ɗin bakin titi mai cewa giga 64 alhali 8 ce a ciki, kuma kar ka yar da faifan ko da ka juye. Wajen jerawa kuma ka juya bayan kowanne ka duba, masu launin azurfa galibi bugun kamfani ne sunfi daɗewa zasu iya jira, masu shuɗi ko kore ko ruwan makuba su ne waɗanda aka ƙona a shago, wani sinadarin rini ne ke riƙe da bayanansu kuma zafi da rana na kashe shi ko ba karce, galibi kuma sune na biki da suna, to da su zaka fara.